Zuwa Kurfi da Motar da Ba Ta Son Safiya

Mun tashi da asuba, in niyya ake bi. In kuwa mota ake bi, sai da rana ta fito ta hau kan dutse sannan muka bar Dutsin-Ma.

Ni da ƙanena ne, autanmu, za mu Kurfi gaida yayarmu, mu kai mata sabon gero da ɗan man shanu. Shi ke tuƙa ni, don ni ban taɓa koyo ba. Motar baƙa ce, tsohuwa. Na saye ta hannun wani Balarabe ɗan kasuwa a Kano tun kafin a ba mu mulkin kai, kuma ko a lokacin ta riga ta ga duniya. In ta tashi ba ta da laifi. Tashin ne aiki. Tun bara ta ɗauki wani hali: da rana ko da yamma, da an taɓa ta sai ta amsa, amma da safe sai ta yi ta kuka kamar akuyar da aka ɗaure, ba ta kamawa.

Ran nan ma haka ta yi. Ƙanena ya yi ta murɗa makulli har batir ya fara sanyi. Ya fita ya zura mata handul, wato ƙarfen nan da ake sa mata a gaba a juya da hannu, ya juya har gumi ya jiƙa masa riga. Daga nan aka koma ga abin da aka saba. Mutanen da suka fito daga masallaci suka naɗe hannun riga suka kama turi, mahaucin unguwarmu yana ba da baki. Sai da muka kai gangaren bakin kasuwa ta yi tari ta kama.

A nan ne na yi abin da bai kamata ba. Na leƙo ta taga, a gaban mutane, na ce, "Wai wannan ne ya yi tuƙi a soja. Ashe gwamnati asarar tuwonta ta yi." Aka yi dariya. Mutum ne mai furfura a gemu, da 'ya'yansa manya. Kuma ba ran nan na fara ba, kusan kullum sai na jefa masa irin wannan.

Muka fita gari. Idonsa na kan hanya ya ce, "Yaya, in mun dawo zan ba ka makullinka. Akwai wani mai manyan motoci a Gusau, ya daɗe yana nemana."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a." Girman kai ne ya faɗa. Gaskiya kuwa ban so ya tafi ba, don tun da iyayenmu suka rasu ban taɓa yin wata guda ban gan shi ba.

Hanyar Kurfi jar ƙasa ce, damina ta ci gefenta, wani wuri kuma gargada ce mai kaɗa haƙora. Amma kaka ta yi kyau bana. An yanke gero an jera dammuna a gonaki, dawa tana tsaye ta sunkuyar da kai, masu cirar gyaɗa sun duƙa ba ka ganin komai sai bayansu. Shanun Fulani suna tsallake hanya a hankali kamar tasu ce, balbelu na biye da su. Raɓa ba ta gama bushewa ba, kowace ciyawa tana ƙyalli. Da yake ba mai magana a cikin motar, sai hankalina ya tafi.

Na tuna wannan hanya a kan doki na san ta. Ina da wani jan doki mai fari a goshi, wanda na gada daga barga ta mahaifinmu. Shi ya kai ni Kurfi shekara da shekaru. Ya san inda ake tsayawa a sha ruwa, ya san gindin tsamiyar da nake sauka in yi salla. Wani lokaci nakan yi gyangyaɗi a kan sirdi, in farka in ga mun iso. Bara tsufa ya kwantar da shi, ya mutu. Da aka fitar da shi, turkensa ya zauna ba kowa, na kasa duban wurin, sai na sa aka riƙa ajiye motar a nan. Ina jin ƙugin injin ran nan, idona a lumshe, sai na riƙa jin kamar numfashinsa ne.

A Birchi muka tsaya shan fura. Mai furar wata Bafulatana ce mai yawan dariya, ta dama mana ta kwabo biyu, irin wadda a garinmu sai ka ba da taro. Nonon yana da tsami kaɗan, yadda nake so. Ƙanena ya nemi ɗan tudu ya ajiye motar ta fuskanci gangare, ya sa dutse a ƙarƙashin taya. Ya san da zafinta za ta tashi, amma ta riga ta koya masa tsoro.

Akwai wata babbar mota ta gyaɗa a tsaye a wurin. Direbanta ya ga yadda aka ajiye tamu, ya gane. Suka gaisa irin ta direbobi, ina zaune a kan tabarma ina jin su.

"Ba ta tashi ne, maigida?"

"Da safe kawai."

"To batir ne."

"Na kankare kawunansa har suna walƙiya. Ruwan sama nake tara mishi a kwanon sha, ban taɓa zuba mishi na rijiya ba."

"Fulogi fa?"

"Sabbi ne. Kafireta kuwa na kwance ta na hura da bakina har na ƙoshi da fetur. Man ma da tsohuwar hula nake tace shi."

Direban ya sosa ƙeya ya ce, "Mota dai abu uku take so, mai da iska da wuta. Wanne ne babu?"

"Wuta," in ji ƙanena. "In na cire wayar fulogi na kara ta da ƙarfe da safe, ɗan tartsatsin da za ta ba ni ko sauro ba zai ji ba. Da rana kuwa shuɗi ne, har da ƙara."

Ya buɗe gaban motar ya nuna masa wani ɗan baƙin murfi mai wayoyi a ka, wanda ke raba wa fulogai wuta. Ya ce kowace safiya yakan tarar da laima a cikinsa, sai ya goge, sai rana ta gasa shi, sannan a samu zaman lafiya. Direban ya ce raɓa ce. Ƙanena ya ce shi ma haka ya ɗauka, amma wace irin raɓa ce ke sauka har cikin bazara? Direban ya ce, "To ko dai a nemo mata malami." Suka yi dariya. Ni kuwa na shanye furata, ban ga abin da ya shafe ni a zancen ba.

Mun shiga Kurfi da azahar. Duwatsun garin suna nan yadda na bar su, wani a kan wani, kamar wani ne ya jera su ya tafi ya manta. Mun ratsa ta bakin kasuwa. Gyaɗa ta sauko, gishiri ya hau, kowa kuma yana ƙorafi da fara'a. Yara suka bi motar da gudu har ƙofar gidan yayarmu.

Ita ta goye mu duka biyu, shi ya sa Inna muke ce mata. Ta tsufa, idonta ya rage, amma kunnenta da bakinta ba abin da ya taɓa su. Ta sa aka yi mana tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, ta kwarara man shanun da muka kawo. Bayan magariba muka ci a kwano ɗaya, ni da shi, ba wanda ya ce wa wani ƙala. Tana daga bakin ɗakinta ta ce, "Wannan shirun naku ya fi tuwon kauri. Mi ya haɗa ku?" Muka ce gajiya ce. Ta ce, "Uhm."

Yanzu zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba kafin wannan tafiya. Dokina kullum kafin kiran assalatu nake wanke shi, da hannuna. Da ya mutu, hannun bai daina farkawa ba. Sai na riƙa fitowa da bokiti in wanke motar a turkensa. Ina wanke jikinta, in buɗe gabanta in watsa wa injin ruwa sosai, don nan ne ya fi datti, sannan in goge inda ido ke gani in rufe. A tunanina, abin da ake ɗura wa ruwa kullum a lagireta, wato tankin ruwan injin, ai ruwa abokinsa ne. A ɓoye nake yi, don kunya nake ji a ce dattijo kamata yana wa ƙarfe wanka yana yi masa magana.

A Kurfi ma na farka a lokacin. Na je bakin randa, sai na tuna da yamma na ga jikokin Inna mata suna dawowa daga rijiya mai nisa, tuluna a ka, wuyansu ya lanƙwashe. Na kasa ɗibar ruwan nan in zuba wa mota. Na ɗebi na alwala kawai, na shafa mata hannu a goshi na wuce masallaci.

Da gari ya waye ƙanena ya roƙi maƙwabta su tsaya kusa saboda turi. Ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Ta tashi. Tun kafin ya saki makullin ta tashi, tana ƙugi a hankali kamar ba ita ba. Ya kashe ya sake murɗawa, ta sake tashi. Ya fito ya buɗe gabanta, ya cire baƙin murfin nan, ya sa yatsa a ciki. A bushe yake ƙayau. Ya dubi ciyawar bakin katanga, ga ta jiƙe sharkaf da raɓa. Ya tsaya da murfin a hannu kamar mai mafarki.

Daidai nan Inna ta fito tana dogara sanda, ana biye da ita da ƙwaryar koko. Ta ce da ni, "Kai mai doki, na ji motsinka a bakin randa da asuba. Na ce to, yau ruwana ya ƙare, wanga bai iya ganin abin hawa bai wanke shi ba. Tun kana yaro haka kake. Yanzu da dokin ya tafi, wa kake wa wankan?"

Ƙanena ya juyo a hankali ya dube ni.

"Yaya. Wanke ta kake yi?"

"Nakan ɗan watsa mata."

"Har ciki?"

"Ai nan ne dattin yake."

"Tun yaushe?"

"Tun da dokin ya mutu."

Ya ɗaga murfin ya duba shi a hasken rana. Ya nuna mini wata 'yar tsaga a gefensa, siririya kamar gashi. Ya ce ta nan ruwan ke shiga ya kwanta, wutar kuma sai ta bi ruwan ta gudu, ba ta isa ga fulogai ba. Muryarsa ba ta tashi ba. Na so a ce ya yi faɗa. Inna ta ce, "Wai mi ya faru?" Sai wani maƙwabci ya fashe da dariya, sauran suka bi.

A hanyar dawowa ban ga gona ko saniya ba. Safiyoyin shekara guda nake gani, ɗaya bayan ɗaya, shi yana juya handul, ni ina zaune a baya cikin babbar riga ina nemo maganar da za ta ba mutane dariya. A Birchi na ce ko mu tsaya shan fura, ya ce ya ƙoshi. Sau da yawa na buɗe baki in ba shi haƙuri, sai in ga a cikin mota ne, mu biyu kaɗai, alhali ba a nan na ci masa fuska ba. Muka iso gida da la'asar. Ya ajiye ta a turke, ya miƙo mini makulli. Na ce ya riƙe zuwa gobe, akwai inda za mu. Ya mayar da shi aljihu.

Washegari na farka a lokacin da na saba. Na zauna a bakin gado na riƙe hannuna har aka kira salla. Da aka fito masallaci, masu turi suka nufo ƙofar gidana yadda suka saba, mahauci a gaba yana naɗe hannun riga. Ƙanena ya iso. Kafin ya buɗe ƙofar motar na ce kowa ya tsaya. Na gaya musu duka, da bokitin, da dokin, da tsagar murfin. Na ce duk wanda ya yi dariya a kan maganata shekara guda, ya sani a kan ƙarya ya yi ta. Na juya na ce, "Auta, ka yafe mini. A gabansu na yi, a gabansu nake roƙo."

Mahauci ya ce, "Alhaji, ashe kai ne aljanin! A biya mu guminmu." Aka yi dariya, wannan karon a kaina, kuma ban ji zafinta ba.

Ƙanena bai yi dariya ba. Ya shiga ya murɗa makulli, ta tashi nan take. Ya bar ta tana ƙugi, ya leƙo ta taga.

"Ina za mu, Yaya?"

Na ce, "Ba ko'ina. So nake in ji ta tashi."

Ya kashe ta ya fito. Ina kallon hannunsa. Ya juya makullin a tafinsa, sannan ya mayar da shi aljihunsa.

Abin da na samo a wannan tafiya ke nan, ku da za ku karanta. In abu ya ƙi tashi, a duba batir, a duba mai, a duba wuta, amma mai shi ya fara tambayar kansa abin da yake yi masa in ba kowa a wurin. Ni shekara guda ina neman mai laifi a kujerar gaba.

Da zai tafi gida ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Yaya, in hannun ya matsa maka da asuba, ka wanke mata ƙafafu. Nan ba ruwana. Amma in ka sake buɗe mata baki, Gusau tana nan."

Yau da asuba tayoyi huɗu na wanke, na goge su tas. Na ɗan yi mata magana kuma, amma a hankali.