Taƙi Uku da Rabi

Mutane dariya suke yi idan na ce sana'ata rigunan sanyi ce, a Makka. Su yi ta yi. Alhazan ƙasashen sanyi ne ke sauka da suwaita a jiki, kwana biyu rana ta gasa su, su yar. Daga nan ta faɗa hannun 'yan gwanjo, ni kuma in tsinto masu ulu na gaske, in zuba a gassala, injin wankinmu, da sabulu da ruwan zafi. Sai saƙar ta tsuke ta yi kauri, ko almakashi ka sa mata ba za ta warware ba. Da ita nake ɗinka jakar takalmi ta masu shiga Harami, da 'yar jakar tsakuwar jifa, wani lokacin in haɗa ƙyallaye kala-kala in yi abin ratayawa a bango. Ban taɓa dafa ruwa ba. Tankin da ke kan rufinmu a unguwar Nakkasa, da azahar ruwansa sai ya saɓule wa mutum fata.

Aikin nan ba ya komawa baya. Abin da ya tsuke ya tsuke, da wannan nake yi wa masu saye alfahari.

Shekarar da aka rubuta izala da jan fenti a bangonmu, wato za a rushe, yayana ya samo mana gida a unguwar Zahir. Kwanakin nan ban san zama ba. Ɗaure wannan, kwance wancan, sauka tudu, hau tudu. Na zazzage akwatin Inna a ƙasa don a iya sauke shi ta matakala. Sai kuma na ce bari in mori tankin nan karo na ƙarshe, na tattare duk wata suwaita da ke tsakar ɗaki na danna a gassala.

Har da ta Baba.

Ruwan ƙasa ce, da ita marigayi ya keto Chadi da Sudan. Ƙato ne Baba, amma ba mu da hotonsa sai na jikin iƙama, katin izinin zama, kai kawai. Inna kuwa idonta ya yi rauni. Duk Juma'a takan shimfiɗa rigar a cinya, ta auna kafaɗar da hannu, taƙi uku da rabi, ta ce wa jikoki, "Haka kakanku yake." Iyakar abin da ya rage mata na girmansa ke nan.

Da na zaro ta, innalillahi, ko 'yar shekara shida sai ta matse ta. Na zauna daɓas a bakin famfo. Na jiƙa ta da man gashi, na taka gefe na ja gefe, na ɗaura mata duwatsu na rataye. Ni da na fi kowa sanin aikin banza nake yi! Ranar Talata ce, saura kwana uku Juma'a.

Laraba da Alhamis a wurin 'yan gwanjon Utaibiyya na yi su. Abinci ma a tsaye na ci. Duk ruwan ƙasar da na gani sai in shimfiɗa in auna.

"Hajiya, maigidan ne ya yi ƙiba?" in ji wani mai rumfa.

"Malam, sayarwa ka zo yi ko tambaya?"

A wurinsa kuwa na samu, kalar ɗaya, taƙi uku da rabi cif. Na turara ta da turaren Inna, na ninke na sa a akwati. Tsoro nake ji, kuma kunyar kaina nake ji, amma na sa.

Juma'a bayan an sauko, muna zaune cikin ƙullin kaya, Inna ta ce in miƙo mata rigar. Ta shimfiɗa, ta ɗora babban yatsa a kafaɗa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta sake. Huɗu. Sai a lokacin na kalli hannunta na kalli nawa. Da nawa na auna, nawa kuwa ya fi nata tsawo.

"Ke 'yar nan, ubanki faɗi ya ƙara a kabari?"

Ta lalubi gwiwar hannun rigar, inda ta taɓa yi masa faci da zaren auduga. Babu.

"Yalla, kawo min tawa."

Na ɗauko daga ƙasan kwandon aikina, ina kuka ina ba ta labarin tanki da gassala da sauri da komai. Ba ta saurare ni ba. Ta shafa har ta sami facin. Auduga ba ta tsukewa, don haka ya tattare ya yi tudu a jiki. Ta riƙe shi jim, sannan ta auna kafaɗar. Biyu.

"Kin rage min shi," ta ce.

Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi. Ta tura min ta gwanjon da ƙafa, ta ce in yanka abata in yi jakunkuna, mai ita ma wani ne, in yi masa addu'a.

Mun tare a Zahir ranar Lahadi. Duk satin ina kauce wa akwatin nan, in shiga ɗakinta in fito ban san me na je ɗauka ba. Na ɗauka ta daina awon. Da Juma'a ta zagayo jikoki suka taru, sai ta ce in miƙo. Ta shimfiɗa 'yar rigar a cinya, ta auna biyu, rigar ta ƙare. Hannunta bai tsaya ba. Ya wuce kan zanenta, ɗaya, da rabi, ta dafe wurin da yatsa.

"Daga nan zuwa nan," ta ce musu. "Haka kakanku yake."