Takardar Filinmu na Hayin Banki

Ina aji biyu na sakandare ginin gidanmu na Hayin Banki ya kai linta, kuɗi kuma suka ƙare. Lokacin muna haya a Abakpa, ɗaki biyu, tsakar gida ɗaya da wasu iyalai. Baba tela ne, manyan riguna yake ɗinkawa a kasuwa, kuma ya daɗe yana tara bulo a filin nan kaɗan-kaɗan. Rufi kawai ya rage, ga damina ta ƙarato.

Baba ya je banki sau biyu, suka ce ya kawo takardar albashi. Ina tela zai samo ta? Ya dawo yana cewa da ma shi bai so ba, riba suke ci.

Ana haka wani mutum ya fara zuwa gidanmu. A shago suka haɗu, ya kai ɗinki sau ɗaya. Ya ce shi wakilin wani kamfanin ba da rancen gini ne, irin waɗanda suka cika gari a shekarun nan. Ni nake kai musu shayi ɗakin Baba, kaina a sunkuye, saboda haka hannuwansa na fi sani. Yana da baƙar jaka, da biro uku a aljihu, da agogo mai ruwan zinariya wanda duk zuwan da ya yi ƙarfe goma yake nunawa. Alhaji yake ce wa Baba, alhali Baba bai taɓa zuwa Makka ba. Baba kuwa bai taɓa gyara masa ba.

"Alhaji, mu ba ma cin riba," in ji shi. "Ladan hidima ne kawai. Ka ba mu ajiyar takardar fili, ka sa hannu a nan, jibi kwanonka yana kan mota."

Ranar da za a sa hannu, aka kira la'asar kafin su gama. Suka fita masallaci, suka bar takardar yarjejeniyar a kan tabarma, an danne ta da kofi. Na shiga kwashe kaya. A gidanmu ni kaɗai nake karanta Turanci. Baba ajami ya iya, da Hausar boko kaɗan. Takardar shafi uku ce. Na farko manyan baƙaƙe, na uku ƙanana kamar ƙwayar gero. A can na ga an rubuta cewa idan biyan wata ɗaya ya yi latti, ko da kwana guda ne, fili da duk abin da ke kansa sun zama na kamfani. Wurin da za a rubuta adadin rancen kuma an bar shi fili, babu komai.

Na maimaita sau uku. Da na ji takunsu na mayar da kofin daidai kan zoben da ya bari a takardar.

Baba yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "Uwata, je ki ce wa innarki ta ba da takardar fili."

Na tsaya. Yarinya ba ta magana a gaban baƙo, ni kuwa ko babu baƙo ba na iyawa. Har yau ina jin haushin tsayuwar nan da na yi kamar an dasa ni. Sai da na je ɗakin Inna na samu murya. Takardar tana cikin akwatinta, ƙarƙashin zannuwa, makullin a ɗaure a bakin zaninta. Ta saurare ni, ba ta taɓa makullin ba. Ta je bayan labule ta ce, "Malam, ɗan zo."

Da raɗa suka yi faɗan.

"Mutumin da yanzun nan muka tsaya sahu ɗaya?" in ji Baba. "In na ce sai an karanta mini, ai na kira shi ɓarawo ke nan. Ya sha shayina sau huɗu."

"Kai da kake auna wuyan mutum sau biyu kafin ka sa almakashi?"

"Wannan yadin mutane ne."

"Wannan kuma filin waye? Makulli dai yana nan. Ta karanta a gabansa, in ka ji ka yarda, sai in kwance."

Haka aka tura ni. Na durƙusa a bakin tabarma, ina karanta takardar yarjejeniyar ina mayarwa Hausa da muryar da ni ma da ƙyar nake ji. Mutumin ya yi dariya.

"Alhaji, 'yar taka boko ya zauna. Amma wannan Turancin lauyoyi ne, yarinya, ba na aji ba. Ana dai rubutawa, ba a aiki da shi."

Baba ya gyaɗa kai. Wallahi ya gyaɗa kai, har da murmushin ban haƙuri. Na ji kamar in kifa masa butar shayin. Sai ya ce, don ya wanke baƙonsa daga kunya, "To ai shi ke nan, Yallaɓai. Tunda ba a aiki da shi, soke shi kawai, hankalin mata ya kwanta. Ka cike wurin kuɗin nan ma, ga biro a aljihunka."

Mutumin ya dubi agogonsa mai ƙarfe goma. Ya ce sai ya tuntuɓi manaja, gobe zai dawo. Ya bar rabin shayinsa. Ba mu sake ganinsa ba.

Sati biyu Baba yana fushi da mu, wai mun kunyata baƙo mun kori alheri. Damina ta zo ta wuce a kan ginin ba rufi, bangon gabas ya yi kore. Da kwasar adashin Inna aka rufe ɗaki ɗaya, muka tare a ciki, sauran aka bi su a hankali.

Yanzu in Baba yana ba da labarin a ƙofar gidan, cewa yake yi tun shigowar mutumin ya gane shi, tarko ya ɗana masa. Ni a labarin shayi kawai na kawo.