Gilashin da Ya Kwana a Gadon Inna

A safiyar wata Asabar, a farkon daminar shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, na fito da tsintsiya zan share tsakar gidanmu a Kontagora, sai na tarar da sararin sama kwance a kan tabarma. Gilashin gaban mota ne Baba ya shimfiɗa a gindin mangwaro. Gajimare na tafiya a cikinsa a hankali, shirwa ta ratsa ta wuce, ni kuwa na tsaya riƙe da tsintsiya ina kallo har sai da Inna ta ɗaga murya daga madafa. Ina aji uku a lokacin.

Motar Baba tsohuwar a-kori-kura ce, da ita yake kai dawa da doya kasuwar Auna. Wata rana babbar mota ta harbo dutse, gilashin ya zube kamar gishiri. Mu yara muka tsince ɓarɓashin a gwangwanin madara, muka riƙa wasan kasuwa da shi a bayan aji. Baba ya ci gaba da tuƙi haka nan, yana dawowa da jajayen idanu da ƙwari a gemu, bai damu ba. Sai saƙo ya zo daga Tungan Magajiya cewa ƙanen Iya, kakata da ta haifi Baba, yana kwance yana kiran sunanta. Baba ya ce ba zai sa tsohuwa a gaban mota iska da ruwa suna dukanta ba. Ga shi kuma in ruwa ya zauna, rafin da ke hanyar ƙauyensu zai cika, mota ba ta ƙara wucewa sai bayan damina. Iya ta ɗaure ƙunshin kayanta ta ajiye a bakin ƙofa, ta rage cin abinci.

Gilashi ɗaya tak Baba ya samu, a jikin wata matacciyar mota a bayan tasha. In ya fashe, babu wani. Ya kawo shi naɗe cikin bargo, ya ce ba inda ya dace da shi sai gadon Inna. Nan ya kwana, Inna ta koma tabarma tana mita: "Ni da gadona, an kawo mini baƙon da ko gaisuwa bai iya ba."

Baba mutum ne mai tsari, a wurinsa na gaji halin. Ya taɓa ganin yadda ake aikin a gareji, ya riƙe shi daki-daki. Da farko ya kankare tsatsar bakin ƙarfen da gilashin zai zauna, ya sa ni na share ragowar ɓarɓashi. Bayan haka ya shanya robar da ke kewaye gilashi a rana har ta yi laushi, ya sanya ta a gefen gilashin. Sannan ya cusa kirtani a cikin tsagar robar, ya zagaya da shi har bakinsa biyu suka haɗu a ƙasa. A ƙarshe ya shafe komai da ruwan sabulun salo. Kirtanin kuwa, Iya ce ta murza shi a cinyarta da zaren auduga, tun ranar da saƙo ya zo, ba ta bari kowa ya taya ta ba.

Aikin na buƙatar mutum biyu a waje su danna, ɗaya a ciki ya ja kirtani. Baba ya dube ni ya ce, "Ke ba ki da gaggawa. Shiga." Na durƙusa a kan kujera, Baba da Inna kuma suka ɗora gilashin. Nan take hayaniyar gida ta yi nisa, kukan kaji da dakan maƙwabta suka koma kamar a mafarki. Ba abin da nake gani sai tafin hannun Baba a baje, da na Inna mai jan lalle, da hadari yana taruwa a bayansu. Na fara ja. Leɓen robar ya riƙa hawa kan ƙarfe kaɗan-kaɗan yana kamawa, na gama ƙasa, na hau gefe.

A kusurwar sama kirtanin ya cije. Na ƙara ƙarfi, sai gilashin ya yi wata 'yar ƙara siririya, na daina ja. Aka yi tsawa can gabas. Na ga Baba ya dunƙule hannu zai bubbuga kusurwar. Iya ta taso daga bakin ƙofa, ta ce da Hausarta mai gauraye da Dukanci, "Direba, buɗe hannunka. In ka fasa shi, a bayanka za ka goya ni har gida." Baba ya buɗe hannu. Na tsoma yatsa a sabulu na shafa wurin, na riƙa juya kirtanin a hankali kamar mai kaɗa miya, sai na ji ya sulluɓe. Roba ta zauna, kirtanin ya fito gaba ɗaya a hannuna, jiƙe sharkaf.

Kafin azahar mun kama hanya, ina zaune tsakanin Baba da Iya. Ruwa ya tare mu bayan mun bar gari. Ɗigon ya riƙa faɗowa yana gudu a gilashin, ko ɗaya bai taɓa mu ba, Iya ta miƙa yatsa tana bin su daga ciki. Muka ratsa rafin ruwansa bai kai gwiwa ba. Ta iske ƙanenta da rai, ya gane muryarta, ta yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa kafin a yanke dawa.

Kwanan baya na raka ɗana a sauya masa gilashin mota. Wasu samari suka matsa gam daga kwalba, suka manna, suka ce mu tafi. Aikinsu ya yi kyau, ban ga abin gyara ba. Sai dai babu wanda ya murza kirtani, babu wanda ya bar wa gilashi gadonsa, babu kuma tsohuwa a bakin ƙofa tana duban gabas. Har yau in ruwa ya fara sauka ina cikin mota, tafin hannun Baba nake fara gani.