Gidan burodin da mai shi ya ƙi tafiya

Ni dai bokona a firamare ya tsaya, amma na yi shekaru ina dillancin abin da masu digiri ke kira kamfani: injin casar shinkafa, gidan bulo, gidan ruwan leda. Idan mai shi ya gaji, ko 'ya'yansa suka ƙi sana'ar, ni ake nema a ɓoye, don kada ma'aikata su ji su watse kafin a daidaita.

Cinikin da ya fi zauna mini a rai na wani gidan burodi ne a unguwar Fadaman Mada. Mai shi dattijo ne Kirista daga kudancin jiharmu, tsarana, wanda ya fara da tandar ƙasa har ya kai ga motocin rabo da ma'aikata cike da gida. 'Ya'yansa duk sun tafi aikin ofis. Mai sayen kuwa wani matashin alhaji ne ɗan cikin gari, sa'an ɗansa na fari. Lauya bai bar komai ba, har tiren gashi sai da ya shiga cinikin. Dattijo ya ce ya sallama, aka yi addu'a iri biyu, kowa ya ce amin.

Washegari da sassafe sai ga dattijo a kan bencinsa na bakin ƙofa, kamar kullum. Aka ce sabo ne, zai daina. Bai daina ba. Ba ya ba da umarni, Allah ne shaida. Amma direban da zai kai burodi barikin Shadawanka shi yake fara gaisarwa, mai kwaɓi kuma shi yake nuna wa fulawa in bai yarda da ita ba. Alhaji kan shigo gidan da ya saya, ya rusuna ya gai da Baba, sannan ya lallaɓa ofis kamar mai neman aiki.

Da abin ya ishe shi sai ya same ni. Ya ce ba zai iya buɗe baki ya kori sa'an mahaifinsa ba, kuma muddin Baba na zaune a wurin, ma'aikata ba za su ɗauke shi maigida ba. Na ɗaure fuska na ce masa ban taɓa dillancin korar tsoho ba. Ya ce in daure in koya.

Na iske dattijo a gonarsa ta Inkil bayan la'asar. Na yi ta kewaye-kewaye: damina, ciwon gwiwa, tsadar taki. Ya bar ni na gaji don kaina.

"Malam, yaron ne ya aiko ka?"

Na ce shi ne.

"Yana da gaskiya," in ji shi. "Sai dai ba ku gaya mini har da safiyata kuka saya ba."

Mun iya sa wa tanda da mota farashi, amma ba wanda ya tambayi inda mutum zai nufa idan gari ya waye.

Dattijo bai sake zuwa ba, gida ya zama na Alhaji, kuma yana tafiya daidai. Bayan wasu watanni na ga Baba wurin mai shayi a bakin bariki, riƙe da burodin gidan, yana danna shi da yatsa yana shinshinawa. Ya ce an yi gaggawar fitar da shi daga tanda. Na tambaye shi ko in kai wa Alhaji saƙo.

"A'a. Bar shi ya ji daga bakin masu saye."

Ya biya kamar kowa, ya sa a leda, ya tari keke mai zuwa Inkil.