Yadda Yaya Ya Kwance Ƙafar Motarsa Sau Biyu

Wasiƙar ta zo ranar Talata da hantsi, a hannun wani mai keke. Ni na karanta ta, don a gidanmu na Koki duk takardar ajami hannuna take biyowa. A lokacin ina da aure har da ɗa guda, ina koyar da yara a zaure, ina kuma kwafar littattafai. Wasiƙar ta ce yayar Inna, wadda ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana kwance a ƙauye, jiki ya yi tsanani, kuma ba ta kiran kowa sai ƙanwarta.

Ƙauyen yana gabas da birni. Manyan motoci ba sa zuwa, iyakarsu bakin titi, daga nan sai tafiyar wuni a ƙasa cikin rairayi da fadama. Inna kuwa ciwon gwiwa ya hana ta ko hawan jaki. Abin da zai kai ta ɗaya ne, motar yayana.

Yaya ya koyi tuƙi da gyara a soja. Da ya dawo daga yaƙin Bama ya sayi wata tsohuwar motar soja mai dogayen ƙafafu, wadda ba ta tsoron yashi ko taɓo, yana ɗauko fatu da gyaɗa daga ƙauyuka. Lungunmu ba ya cin ta, sai a filin da ke bakin lungu take kwana, ƙarƙashin wata tsamiya. Kwana uku ke nan da ajiye ta. Ya ce gaɓoɓin da ke riƙe ƙafar gaba ta dama sun cinye, in ta faɗa rami ƙafar tana iya ficewa. Ya riga ya samo sababbi, bai dai sa ba.

Shi ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Yana durƙushe a gabanta ta dube ni ta ce, "Ka gaya wa mai motar, gobe nake son tafiya."

Ya sunkuyar da kai ya ce in gaya mata jibi, in Allah ya yarda, bayan azahar.

Laraba da sassafe muka fara. Ya ɗaga motar da jek, amma bai yarda ya shiga ƙarƙashinta ba sai da muka mirgino tsohon turmin gidanmu ya tokare ta da shi. Ya ce a soja ya ga abin da jek ke yi wa wanda ya amince masa. Ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya shimfiɗa tabarma, ya ce, "Malam, aikinka ɗaya. Duk abin da na miƙo maka, ka wanke da kananzir, ka jera a layi yadda ya fito. Kada ka tsallake ko ɗaya."

Na sha kallon masu sana'a, marina da dukawa da masaƙa, amma ban taɓa ganin hannu mai natsuwa irin nasa ba. Kafin ya sa sifana a jikin noti sai ya shafa shi da yatsa, ya goge, ya ɗiga masa mai, ya jira. Ba ya magana. In ƙarfe ya ƙi, ba ya zaginsa kamar yadda na ji wasu direbobi ke yi, sai ya koma gefe ya dube shi. Wata ƙusa mai kauri ta kafe, tsatsa ta riƙe ta. Ya aika aka kira wani tsohon maƙeri daga Jakara, ya zo da zugazuginsa da gawayi a kwando. Suka gasa wurin, maƙerin yana tsokanarsa wai ashe ƙarfen Turawa ma sai da wutar Hausa yake jin magana. Bugu uku ƙusar ta faɗo. Yaya ya nuna mini tsohuwar gaɓar a tafin hannunsa, ta suɗe ta zama kamar ƙwallon goriba da aka gama ci.

Cikin abin da ya miƙo mini akwai wasu siraran faya-fayen ƙarfe da yake kira washa, wasu na sama, wasu na ƙasa. A idona duk ɗaya suke. Na jera komai tsaf, na fara daga dama na yi hagu, yadda hannuna ya saba a kan allo tun ina yaro. Ban yi tunanin akwai wata hanyar jeri ba. Shi kuwa a soja daga hagu aka koya masa, shi ma bai yi tunanin tambaya ba.

Alhamis ya mayar da komai, da sababbin gaɓoɓi da giris. Ana kiran azahar ya ɗaura taya. Inna ta riga ta fito zaure da ƙunshinta da butarta, ta yafa mayafi tana jan carbi. Bayan mun idar da salla, Yaya ya kama tayar da hannu biyu, motar tana ɗage, ya juya ta dama ya juya ta hagu. Ya sake. Ya rufe ido ya sake. Sai ya je ya tsaya a kan tabarmar da babu komai a kanta yanzu, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ta wane gefe na fara jeri. Na nuna masa.

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Na sama sun koma ƙasa."

Wani direba maƙwabcinmu da ya zo kallo ya taɓa tayar, ya ce shi bai ji komai ba, ɗan tauri ne kawai, a hanya za ta saki. Ya ce, "Haba sojan Bama, tsohuwa na zaune da kaya, kai kana sauraron ƙarfe kamar mai duba?" Yaya ya ce da a ce buhunan gyaɗa zai ɗauka, da ya tafi. Ya ɗauki sifana.

Ni aka bar wa kai labari zaure. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in tambayi mai motar ko ya san cewa mutuwa ba ta jiran makaniki. Na fita na faɗa masa yadda ta faɗa. Yana kwance a ƙasa, fuskarsa kawai nake gani ta tsakanin ƙarafa. Ya ce in ce mata ya ji, laifinsa ne, ta yi haƙuri zuwa asuba.

Na ce masa ai laifina ne, zan gaya mata. Ya ce wanda ya ɗauki abu ya sa bai duba ba, shi ne mai laifi, in tafi in kawo kananzir.

Na gaya mata duk da haka. Ta dube ni ta ce ta ji. Ba ta koma ɗaki ba, ba ta kuma kwance ƙunshin ba. Na zauna a bakin tabarma ina tunanin in matar nan ta cika yau, da wane ido zan ƙara kallon Inna. Yaya kuwa bai ƙara sauri ba ko kaɗan. Yadda ya goge kowane noti jiya, haka ya goge shi yau. Ya auna kowace washa tsakanin yatsunsa, ya ware masu kauri da marasa kauri, ya gwada, ya cire, ya sake gwadawa. La'asar ta yi ya wanke hannu da toka ya yi salla ya dawo. Rana tana gab da faɗuwa ya juya tayar da yatsa biyu, ta tafi sumul, ya girgiza ta, ba ta yi motsi ba. Ya ce alhamdu lillahi, a mayar wa mata turminsu.

Juma'a bayan sallar asuba muka tashi, Inna a gaba, ni a baya da kaya. An yi ruwa a gabas, hanyar ta lalace, akwai inda muka gangara kwazazzabo motar ta karkata har na riƙe ƙarfe ina salati. Ni dai zuciyata tana ga abin da za mu tarar, ina sauraron ko za mu jiyo kuka daga nesa.

Muka isa da hantsi. Ƙofar gidan shiru, wani dattijo yana gyaran fartanya. Ya ce tana nan, ta sha kunu da safe.

Yaya ya sauko da Inna a hannu, ya kai ta har bakin ɗaki. Na ji muryar marar lafiyar a hankali tana cewa, "Ke ce? Kin daɗe." Inna ta ce hanya ce.

Kwana biyu suka yi tare. Ranar Lahadi da safe ta cika, kanta a cinyar ƙanwarta, Inna tana laƙƙana mata kalmar shahada. Allah ya yi musu rahama su duka uku, ita da Inna da Yaya, ya sa hasken kabarinsu ya fi na gidajen da suka bari.