Jadawalin da Na Rubuta da Ƙafa Ɗaya

Ban taɓa mantawa da ranar da na faɗi a filin tanis na Birnin Gwari ba. Kafin ranar, imanina shi ne ɗan wasan da shekaru suka fara cim masa ba shi da magani sai ƙarin atisaye. Da wannan ra'ayi na fito daga jami'a, da shi kuma na kai matsayin babban mai horarwa a ƙungiyar da nake wa aiki a Kaduna.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba: duk ɗan wasan da ya haura shekara talatin, sai an yi masa gwajin tantancewa kafin a sabunta masa kwantiragi. Zai kara da matasa uku cikin kwana biyu. In ya kasa, an sallame shi ke nan. A daminar da nake magana, Haruna ne a kan layi. Shekararsa talatin da huɗu, gwiwar hannunsa ta dama tana kumbura, ba shi da wata sana'a, ga iyali.

Darakta ya kira ni ofis ya ce, "Malam Sabi'u, wata biyu gare ka. Ko ka gyara shi, ko mu ba yara wuri."

Haruna ya roƙi a bar shi ya yi shirin a garinsu, Birnin Gwari. Na bi shi, domin hanyar dajin nan ba ta zirga-zirga ba ce. In ka shiga lafiya, sai ka zauna. Muka samu wani tsohon filin siminti a bayan wata makaranta, muka ɗaura raga. Na manna jadawalina a bango: gudu bayan asuba, bugun ƙwallo da hantsi, wani bugun bayan la'asar, kwana shida a mako.

A mako na biyu baffan Haruna, wani manomi daga Tabanni da ake kira Baba Ɗanjuma, ya zo a kan babur ya tsaya kallo. Da ya ga Haruna yana matse fuska duk lokacin da ya ɗaga hannu, sai ya ce, "Malam, ɗan nan namu sata ya yi muku?"

Na ce, "A'a, Baba, horo ne."

"Horon na gani ai, laifin nake tambaya. Ni shanun huɗata, da rana ta ɗaga nake cire musu karkiya, ko da kunya uku ta rage. Shekara tara ke nan muna tare. Maƙwabcina da ke kai nasa har azahar, sau uku yana sauya shanu."

Na yi masa bayani mai tsawo a kan tsoka da juriya, har da kalmomin Turanci. Ya saurara da ladabi, ya ce, "Allah ya ƙara ilimi," ya tada babur ɗinsa.

Washegari Haruna ya ce hannun ya hana shi sakat, ya nemi hutun yini ɗaya. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni da na ba ka shekara goma sha biyu, bari ka gani." Na karɓi raket, na ce ya jefo mini ƙwallo kusa da raga. Na zabura da gudu. A taku na uku na ji wani abu ya ce ɗas a agarata, kamar an jefe ni da dutse. Har na waiga neman wanda ya jefe ni, sannan na zube.

A asibiti aka naɗe ƙafar, aka ce kada ta taɓa ƙasa sai bayan mako shida. Baba Ɗanjuma ya zo dubiya da kwaryar fura. Ya daɗe yana duban ƙafar, sannan ya ce, "Sannu, Malam. Kai ma an cire maka karkiya."

Daga kan katifa na ci gaba da ba da umarni. Kullum Haruna zai durƙusa ya ce, "To, Koci." Sai a mako na biyar, da na dogara sanda na isa filin da la'asar, na tarar ba kowa sai awaki. Na aika aka kira shi, na ce zan rubuta rahoto.

Ya ce, "Koci, ka rubuta. Amma ka zo gobe da safe tukuna."

Na je. Ya buga awa ɗaya cif. Hannun bai kumbura ba. Ya daina tsayawa a bayan fili yana musayar ƙwallo sau ashirin kamar ɗan shekara ashirin. Bugu uku, huɗu, sai ya matso raga ya kashe. Na nemi abin gyarawa, na rasa. Na ce masa dai ya riƙa lanƙwasa gwiwa, don kada a ce na zo a banza.

A Kaduna ya doke biyu daga cikin matasan uku, aka sabunta masa kwantiragi. Darakta ya riƙe hannuna a gaban ma'aikata ya ce, "Wannan tsari naka, a rubuta shi, sauran tsofaffin 'yan wasa su bi."

Na daɗe ina tambayar kaina me ya hana ni faɗin gaskiya a wurin. Kwana biyu na yi ina juya biro, sannan na je na sami Haruna na ce, "Don Allah, me ka riƙa yi ne?" Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya faɗa, ni kuma na rubuta: buga ƙwallo kwana huɗu, awa ɗaya da safe, ranar da hannu ya yi magana, a saurare shi, tafiyar ƙafa zuwa gona, barci bayan azahar. Na kai wa Darakta da sunan Haruna a sama, nawa a ƙasa. Na Baba Ɗanjuma ne sakatare ya ce babu gurbinsa a fom.

Yau Haruna yana da shekara talatin da takwas, yana kuma buga gasa. Jadawalin da ke bangon ofishina kwana uku a cikinsa fayau suke, ba a rubuta komai ba. Ni kuwa, in damina ta sauka, ɗingishi nake yi.