Musabahar da Ban Yi da Likita Kudu Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, labari ya iske ni a shagona na kafinta a Sabon Garin Minna cewa Likita Kudu Ndaliman, mai yi wa masu shanyewar ɓarin jiki gashi da motsa gaɓoɓi a wani ƙaramin asibiti a Chanchaga, ya rasu a haɗarin mota kan hanyar Bida.

Likita, wata goma sha ɗaya ke nan da aka kawo ni gabanka, baki a karkace, hannun dama na reto kamar tsumma. Ni da na shekara talatin ina riƙe zarto, cokali ya gagare ni. Abin da ya fi ci mini rai kuwa gaisuwa ce. Na daina tsayawa a ƙofar masallaci don kada a miƙo mini hannu in ba da hagu.

Ranar farko na miƙo maka hagun. Ka dube shi, ka ƙi karɓa. Ka ce, "Baba Sanda, ajiye wannan. Ni hannun daman nake jira." Wallahi na ji haushinka.

Da ka fito da 'yar na'urarka mai batir, ka jiƙa soso biyu da ruwan gishiri za ka ɗaura mini a ka, maiɗakina Saudatu ta miƙe tana salati, wai za a jona wa mijinta lantarki. Sai ka ɗaura a naka kan, ka kunna, ka zauna kana tambayarta kuɗin doya a kasuwa har ta yi dariya. Ban taɓa jin komai ba sai ɗan ƙaiƙayi. Kuma ba ka taɓa ruɗa ni ba. Ka ce na'urar tana ɗan zaburar da ƙwaƙwalwa ne kawai, sauran aikin nawa ne. Minti ashirin soso na kaina, ni kuwa ina tsintar wake daga faranti zuwa kofi, ina zubarwa, kana kwashewa daga ƙasa ba ko tsaki.

Kowane zuwa, idan zan tafi, sai ka miƙo hannu ka jira, in girgiza kai, ka ce, "To, wani satin."

Ga abin da ke damuna. Tun Alhamis ɗin da ta wuce yatsuna sun fara rufuwa. Na sani, na gwada a gida. A zuwana na ƙarshe ka miƙo hannu kamar kullum, na ɓoye nawa a aljihu. So nake sai riƙon ya yi ƙarfi, in damƙe ka irin damƙar kafinta, in ga mamaki a fuskarka. Girman kai ne, ba wani abu ba. Na ce maka wani satin.

A maƙabarta, da aka zo rufe ka, na durƙusa na sa hannun dama cikin ƙasa. Yatsun suka rufe, suka riƙe, sau uku, ba abin da ya zube sai inda na nufa. Na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba.

Allah Ya jiƙan ka, Likita, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowace gaɓa da ka tayar ta zame maka shaida. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Aishat, da 'yarka Husna, da dangi na Minna da Bida. Allah Ya ba su haƙuri. Ya Allah, Ka ba shi littafinsa a hannun dama, Ka kuma haɗa mu inda zan miƙa masa hannuna na dama.